Dakalin kicin ya karkace, ana so a ɗora giranayit: a cike da gam ko a sake shafe?

Uwargida_Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'ar gini da ke cikin zauren nan. Kicin ɗinmu a Agege yana da dakalin kankare irin na da, wanda aka zuba a kan ƙafafun bulo. Tsawonsa mita 2.4, faɗinsa santimita 60, kaurinsa kamar inci 3. Da tayil ne a kansa, an ɓamɓare domin a ɗora baƙin giranayit mai kaurin santimita 2. Da aka cire tayil ɗin sai ga saman duk ba daidai ba: akwai tudu a tsakiya, ragowar tsohon siminti ya maƙale nan da can, ɓangaren sinki kuma ya yi ƙasa da kusan santimita 2 da rabi idan aka gwada da ɗaya ƙarshen. A kusurwa za a haɗa shi da sabon kabad na katako mai tsawon mita 1.5, shi ma dutsen zai hau kansa, ga shi daɓen kicin ɗin ya gangara wajen ƙofa.

Mai sayar da dutsen ya ce babu damuwa, yaransa za su cike da gam ranar ɗorawa. Mai tayil ya ce a'a, sai an sake shafe saman da siminti. Wanne ne daidai? Idan shafen ne, siminti nawa zai ci, kuma kwana nawa za a jira kafin a kawo dutsen?

Birkila_Mile12:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai tayil ɗinki ne da gaskiya. Gam ɗin tayil an yi shi ne domin ya riƙe, ba domin ya cike rami ba. Yawancinsa daga milimita 3 zuwa 10 ne iyakarsa, kuma a jikin buhun za ki ga an rubuta. In aka tula shi har santimita 2 da rabi, yana tsukewa wajen bushewa, wajen da ya fi kauri ya fi tsukewa, sai ya ja dutsen ƙasa ta gefe ɗaya ko ya saki ya bar kogo a ƙarƙashi. Dutse kuwa ba tabarma ba ne da zai bi tudu da kwari ya kwanta. Duk inda ba shi da abin dogaro a ƙasa, nan zai tsage.

Amma kafin a buɗe buhun siminti, awo tukuna. A samu siririn tiyo mai nuna ruwa, a cika shi, a fitar da iskar da ke ciki, a ɗauki lebul da shi a ƙarshen bango biyu, sannan a ja layi ɗaya a bangon kamar santimita 15 sama da dakalin. Layin nan ya zagaya har bangon da kabad zai tsaya, domin shi ne alƙalin aikin gaba ɗaya. Kada a auna daga daɓe, tunda kin ce daɓen ya gangara. In da lebul na hannu za a yi aiki, a gwada shi: a ɗora, a duba ƙwayar, a juya shi kai ya koma gindi a wuri guda. In ƙwayar ta canza wuri, lebul ɗin maƙaryaci ne, a ajiye shi.

Daga layin sai a riƙa auna zurfi zuwa saman dakalin kowane santimita 30, ana rubutawa da fensir a kan kankaren. A yi haka ta baya, sannan a gitta lebul a duba tsakiya da bakin gaba, don sau da yawa dakali yana sunkuyawa gaba ba a lura ba. Wurin da awon ya fi gajarta shi ne tudun, kuma shi ke yanke hukuncin tsayin komai. In tudun na tsohon kwaɓin tayil ne, cizal da guduma sun isa, amma a kwantar da cizal ɗin a riƙa sara ta gefe, ba a tsaye ba. Kankare mai inci 3 da ke rataye tsakanin bulo biyu ba ya son duka daga sama. In kankaren ne da kansa ya yi tudu, girenda da faifan daimon za a sa a ci shi, ana yayyafa ruwa, mai aikin ya rufe hanci da ido. Milimita 5 za a iya ci ba matsala. Fiye da haka ana kusantar rodi, gara a ɗaga sauran wurin ya same shi.

Sai wanki, wanda shi ne leburori suka fi ha'inci a kai. Kankaren kicin ya sha manja da man gyaɗa ta tsakanin tayil shekara da shekaru, siminti kuma ba ya kama maiƙo. A goge da burushin ƙarfe da ruwan zafi da garin sabulu, a ɗauraye, inda man ya shige ciki a sassare fatar wurin har sai an ga kankare mai haske. Wurin da ya yi sulɓi a yi masa tsattsaga da bakin guduma. A jiƙa shi tun daren ranar aiki, da safe a tsane ruwan da ya kwanta, a bar shi da danshi kawai.

Lissafin kaya: 2.4 sau 0.6 ya ba da murabba'in mita 1.44. In aka ɗauki matsakaicin kauri santimita 2, kwaɓin bai kai lita 30 ba. A ma'aunin siminti 1 yashi 3, kusan kilo 14 na siminti ke nan da kwanon sarki ɗaya da rabi zuwa biyu na yashi mai kaifi da aka tankaɗe. Rabin buhu ya ishe ki har da rara. A sayi lita 1 ko 2 na SBR, wannan farin ruwan mai kama da madara. A dama shi da siminti ya yi kauri, a shafa da burushi a kan kankaren, a zuba kwaɓin tun yana ɗanye. In aka bari shafin ya bushe kafin a zuba, ya koma abin raba su maimakon abin haɗa su.

Kwaɓin kada ya yi ruwa. In ka dunƙula a hannu ya tsaya, bai zuba ba, bai kuma ɗiga ruwa ba, ya yi. A kafa katako miƙaƙƙe a bakin gaba daidai tsayin da ake so, a yi ɗan layin kwaɓi a jikin bango shi ma a tsayin, sannan a cike tsakiya, a daddanna sosai, a ja da renjin alminiyam, wato miƙaƙƙen sandan da ake daidaita saman da shi. A wuri mafi tudu kada kaurin ya gaza santimita 1. Shafen da ya sirance ya ƙare kamar takarda shi ke fara ɓarewa. A gama da katakon shafe, kada a goge shi da cokalin ƙarfe har ya yi sheƙi, gam ba ya kama sulɓi.

A rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma kwana 7. Bayan nan a buɗe ya sha iska.

MaiDutse_Orile:

Oga Birkila ya gama magana a kan gam, ban da abin cewa. Masu cewa za a cike ranar ɗorawa, abin da suke yi shi ne ɗigo biyar: curi a kowace kusurwa, curi a tsakiya, a danna har lebul ya nuna daidai, a karɓi kuɗi. Ranar farko ya yi kyau. Amma tsakanin curin nan iska ce. Ranar da aka ɗora ƙaramin turmi aka daka attaruhu, ko yaro ya hau zai ɗauko abu a sama, sai a ji ƙas. Kyankyasai ma sun samu gida.

Sai dai akwai hanya ta biyu da ba a ambata ba, kuma tsoffin masu mabul da ita suka saba: a shimfiɗa kwaɓi mai ɗan bushewa santimita 2 zuwa 3, a zuba ruwan siminti a kai, a ɗora dutsen nan take, a buga da gudumar roba har ya zauna. Wannan ba ha'inci ba ne, aiki ne mai kyau in hannun ya iya, kuma yana rage kwanakin jira. Ga baƙin giranayit irin na Hajiya zai yiwu. Abin da ya sa ba na ba da shawararsa a nan biyu ne. Na farko, dutsen nan mai santimita 2 yana da nauyin kusan kilo 54 a kowane murabba'in mita, wato guntun mita 2.4 ya kusa kilo 80, kuma akwai ramin sinki a jikinsa. A wannan hanyar sai an ɗora, an ɗaga, an ƙara kwaɓi, an sake ɗorawa. Kowace ɗagawa caca ce da siraran gefen sinkin. Na biyu, ga kabad na katako a gefe da dole tsayinsu ya zo ɗaya, kuma ba a daidaita katako da ɗanyen kwaɓi. In da farin mabul ne ma da ban ko kawo maganar ba, ruwan baƙin siminti yana hawa cikinsa ya bar tabo.

Abin da muke so mu tarar idan mun zo: a ɗora renji mai mita 2 ta tsawo, ta faɗi, ta kusurwa zuwa kusurwa, kada a ga giɓin da ya wuce milimita 3. A haska tocila ta bayan renjin, hasken zai tona duk wani kwari. In ya rage 'yan milimita 2 ko 3, wannan kam aikin gam ne, ya halatta.

Kada a yanka dutse da awon tef kaɗai. Bangon gidajen Legas da wuya ka samu miƙaƙƙe, kusurwa kuma da wuya ta cika sukwaya. A gwada: santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 100 cif. In bai ba da ba, a yi samfuri da siraran filawud ko kwali mai ƙarfi, a bi bangon yadda yake, a kai wa mai yanka. Kuma samfurin bayan an gama shafe da kafa kabad ake yin sa. A bar milimita 3 tsakanin dutse da bango, ɗan dutsen da ake tsayarwa a baya zai rufe. In bangon ya yi ciki a wani wuri, gara a sare filastar wurin da a ci gefen dutse. Ta gaba dutsen ya zarce dakalin da santimita 2.5 zuwa 3, a yi masa ɗan tsagi ta ƙasa domin ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ya shiga kabad.

Maganar sinki: in sabon ya fi tsohon girma, yanzu ne lokacin faɗaɗa ramin kankaren, kafin shafe. Gefen dutsen gaba da bayan sinki kada ya gaza santimita 7 ko 8, kusurwoyin ramin a yi su a zagaye, domin tsagewa daga kusurwa mai kaifi take farawa. Siraran nan biyu dole su kwanta a kan gam daga farko har ƙarshe. Mahaɗin dutse biyu kuma kada ya faɗo kusa da sinki.

Ranar ɗorawa: a ɗauko dutsen a tsaye ta gefensa, ba a kwance ba. A fara gwada shi a bushe. Sannan gam mai kyau wanda aka rubuta C2 a buhunsa, a ja da cokali mai haƙora na milimita 10, layukan su bi hanya ɗaya, a shafa siriri a bayan dutsen shi ma. Kilo 4 zuwa 5 a murabba'in mita, buhu ɗaya mai kilo 20 ya wadatar. A zafin nan kada a bar shi a buɗe ya wuce minti 15, yana yin fata. A bar shi awa 24 kafin mai famfo ya taɓa.

Kafinta_Mushin:

Hajiya, ni ɓangaren kabad zan taɓa, don nan ne rigimar take ɓuya. Kankare ba ya motsi, katako yana yi: da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Saboda haka dutse guda kada ya haye rabi a kankare rabi a katako. Mahaɗin ya zo daidai inda suka haɗu, kuma a nan ni silikon nake so a sa mai launin dutsen, ba ifoksi ba, wato gam mai ƙarfi da ke daskarewa. Malam na Orile zai iya cewa layin silikon bai kai na ifoksi kyau ba, gaskiya ne, amma ifoksin a irin wannan wuri yana tsagewa. A sayi silikon wanda ba ya warin tsami. Mai tsamin yana cin mabul, yana kuma sa ƙarfe tsatsa.

Dutse mai santimita 2 ba a ɗora shi a kan bakin kabad kawai. Sai an shimfiɗa filawud mai milimita 18, irin wanda ba ya jin ruwa da ake kira marin bod, a ɗaure da sukuru kowane santimita 20 zuwa 25, kawunan su nutse. A kasuwar katako ta Amu a nan Mushin ana samu, amma a duba gefen allon, a ga layukan sun haɗe ba rami. MDF, wato allon garin katako da aka matse, kada ya kusanci wurin nan. Ruwa kaɗan ya shiga gefensa ya kumbura, kuma ba ya komawa.

To ga lissafin da ake mantawa. Gam a kan kankare zai ci kusan milimita 4 zuwa 5 bayan an danne, silikon a kan filawud kuwa milimita 1 zuwa 2 ne. Ke nan saman filawud ya kamata ya fi saman shafen tsayi da kusan milimita 3, in ba haka ba za a samu ɗan tudu a mahaɗin da zai riƙa kama tsumma da gindin tukunya. Shi ya sa birkila ya fara gamawa, kafinta ya bi shi, don ɗaga kabad ya fi sauƙi.

Gangaren daɓe ba matsala ba ne in aka sa ƙafafun roba masu murɗawa. A fara daga inda daɓen ya fi tudu, a daidaita kowane akwati gaba da baya, hagu da dama, a haɗa su da juna da sukuru, sannan a ɗaure a bango. Ƙafafun suna ɗaga kabad santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, abin da ke da amfani ƙwarai a unguwar da ruwa ke shiga gida. In ba ƙafafu, a yi ɗan dandamalin siminti mai lebul. Abin da ba na so in gani shi ne kwali ko guntun katako a cusa a ƙasa, wata uku na gogar daɓe da ruwa ya ruɓar da su, kabad ya zauna, dutse ya bi shi. In dole sai an cusa wani abu, roba mai tauri ko guntun tayil.

A kuma duba tsayin ƙarshe. Santimita 90 aka saba. A haɗa tudun dakalin da santimita 1 na shafe, rabin santimita na gam, 2 na dutse, a ga ko zai tokari bakin taga, soket, ko famfon bango.

Uwargida_Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An duba ƙarƙashin dakalin yau. Daidai wajen sinki akwai tsaga, kankaren ya ɗan ɓare, ana ganin rodi ya yi tsatsa. Wannan zai hana aikin? Sannan wani ya ce akwai siminti na musamman da ake zubawa ya baje da kansa, ba sai an jira kwanaki ba. Ga damina ta kankama.

Injiniya_Ijora:

Hajiya, wannan da kika gano ya fi duk sauran muhimmanci, kuma wataƙila shi ne dalilin da ɓangaren sinkin ya yi ƙasa. Ruwa ya daɗe yana bi ta gefen sinki yana shiga kankaren. Rodi idan ya yi tsatsa yana kumbura, sai ya tura kankaren da ke rufe da shi ya ɓare. A Legas abin ya fi sauri saboda gishirin da ke iska da wanda ke cikin wani yashin.

Ga yadda za a gane. A ƙwanƙwasa ƙasan da guduma a hankali, duk inda ya yi ƙarar kogo a sauke shi. A bi rodin har inda ya koma lafiyayye, a goge da burushin ƙarfe. In bayan gugar kaurinsa yana nan kusan yadda yake, tsagar kuma ba ta ratsa har sama ba, gyara ya isa: a sare ɗan bayan rodin domin kwaɓi ya zagaye shi, a shafa SBR da siminti, a cike da kwaɓi 1 da 3, a rufe rodin da aƙalla santimita 2. In kuwa ya cinye har ya sirance sosai, ko tsagar ta fito sama, ko mutum ya danna bakin dakalin da nauyinsa aka ga tsagar tana buɗewa, to kada a ɗora masa kilo 60 na shafe da kilo 80 na dutse. Ko a gina ƙarin ƙafar bulo kusa da wurin in bututun sinki ya bari, ko a fasa a sake zubawa: kauri santimita 7.5, rodi mai milimita 10 a tazarar santimita 15 ta kowane ɓangare, kwaɓin siminti 1, yashi 2, ƙananan tsakuwa 4. In aka kafa katakon da lebul tun farko, ba a ma buƙatar shafe. In gidan haya ne, a sanar da mai gida kafin a fasa. A duba ƙafafun bulon su ma, in ɗaya ce ta nutse, gyaran sama ba zai tsayar da ita ba.

Simintin da ke bajewa da kansa yana aiki, amma ba don wannan ba. Ya fi dacewa da milimita 3 zuwa 10, yana cin kusan kilo 1.7 a murabba'in mita a kowace milimita, yana buƙatar nasa ruwan shafi na farko, kuma da yake ruwa-ruwa ne sai an toshe bakin dakalin da ramin sinki tsaf, in ba haka ba a tarar da shi a daɓe. Ga tsada. A ramin santimita 2 da rabi, yashi da siminti sun fi.

Bushewa kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce kusan kwana ɗaya ga kowace milimita, a yanayi mai kyau. Da daminar Legas a ƙara. Bayan kwana 7 na ban ruwa, a ba shi aƙalla mako 2 zuwa 3, taga a buɗe, fanka tana kaɗawa. Gwajin mai sauƙi ne: a manna leda mai faɗin santimita 45 a wurin da ya fi kauri, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta kwana ɗaya. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, bai yi ba. Giranayit ba ya barin danshi ya fita ta sama, sai ya bi ta gefe da mahaɗi ya fito da farin gishiri.

Birkila_Mile12:

Injiniya ya tuna mini da yashi. Hajiya, ki sa a tambayi mai kawowa daga ina ne. Wanda aka haƙo daga ruwan gishiri ba a wanke ba, kada ya shiga aikin nan, balle ga rodi a buɗe. Tunda kwano biyu ne kacal, a wanke shi: a zuba a baho, a cika da ruwan famfo, a juya, a tsiyaye, sau uku, a shanya ya tsane. Don gwada laka, a zuba yashi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye awa 3. In lakar da ta kwanta a sama ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a sake wankewa ko a canza. Siminti kuma a duba ba mai ƙulle-ƙulle ba ne, na damina yana shan iska a shago. Gyaran ƙasan dakalin a fara yi, a ba shi kwana 7, sannan a hau sama.